Ƙwaya goma sha shida, ɗaya na shan wahala

Aikin ɗan kamfaninmu shi ne haɗa saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, da daidaita kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, wanda ke raba wa kowace furosesa aikinta. Mutum zai sayi na'ura mai furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, kowacce da ƙwaya takwas (core, sashen furosesa da ke iya yin aiki da kansa), ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Idan aka kunna na'ura, ƙwaya ɗaya ce tak ke farkawa. Ita za ta karanta teburin ACPI, wato bayanan kayan na'ura da BIOS, manhajar tayar da na'ura, ya ajiye, ta san 'yan'uwanta nawa ne, sannan ta aika musu sigina ta APIC, na'urar isar da kira tsakanin ƙwayoyi, su tashi. In ba a kunna CONFIG_SMP, zaɓin aiki da ƙwaya fiye da ɗaya, ba lokacin haɗa kanel, haka sauran za su yi ta barci. In kuma adadin da aka sa a CONFIG_NR_CPUS bai kai yawan ƙwayoyin ba, rarar ba za ta taɓa shiga aiki ba.

A kan wata tsohuwar na'ura mai Pentium Pro guda biyu maigidana ya koya mini aikin nan. Bai bari na taɓa make menuconfig, inda ake zaɓar saitin kanel, ba sai da na iya karanta dmesg, wato saƙonnin da kanel ke rubutawa, layi-layi, ina faɗa masa inda furosesa ta biyu ta amsa kira. Shi ya ga zamanin Linux 2.0 na 1996, lokacin da aka fara amfani da furosesa fiye da ɗaya amma da babban makulli guda, sai wannan ta fito daga kanel waccan ta shiga. Ba a gama cire makullin nan ba sai 2011, a 2.6.39.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaso fayil ɗin .config, wato saitin kanel, daga intanet su liƙa wa kowace na'ura. Su buga nproc, umarnin ƙirga ƙwayoyi, 16 ta fito, su nuna wa mai kaya, su karɓi kuɗinsu. Ganin ƙwaya a lissafi daban, sa ta aiki daban. Sau da yawa in an kawo mana irin wannan saba, muna buɗe /proc/interrupts, fayil ɗin da ke nuna yawan kiran da kowace ƙwaya ta amsa, sai mu tarar duk kiran katin sadarwa ya taru a kan CPU0, ƙwaya ta farko, tana numfashi da ƙyar, sauran suna zaune. Mu kan raba kiran da manhajar irqbalance, ko da hannu ta smp_affinity in aikin na son tsanaki. Ga kuma NUMA: kowace furosesa na da RAM ɗin da ke kusa da ita, in manhaja tana gudu a nan bayananta suna can, lokaci ne ke zubewa a hanya. Nan numactl, mai ɗaure manhaja da RAM ɗin da ke kusa da ita, ke shigowa, kuma masu liƙe-liƙen nan ko sunansa ba su ji ba.

Wani mai kayan kuma cewa zai yi, tunda ƙwaya ta ninku, dole gudu ya ninku, in ba haka ba a rage masa kuɗin aiki. Masanin kwamfuta Gene Amdahl ya warware wannan tun 1967: in kashi ɗaya cikin goma na aikin dole a yi shi bi-da-bi, ko ƙwaya dubu ka zuba, gudun ba zai wuce ninki goma ba.

Kafin mu miƙa saba, sai ta kwana tana haɗa kanel da make -j16, wato ayyuka goma sha shida a lokaci guda, muna kallon nauyin kowace ƙwaya. Tsohon kanel kuma muna barinsa a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa in an kunna na'ura, ko da sabon ya ƙi tashi wata rana.