Bikin awa uku a faifai ɗaya

Faifan DVD bai ƙara komai ba tun da ya fito a Japan a 1996. Giga 4.7 aka rubuta a jikinsa, kwamfuta kuma ta nuna maka 4.38, saboda ita da 1,024 take ƙirga, masu yin faifai da 1,000. Kyamarori sun canja, manhajoji sun canja, bukukuwanmu na Garwa a arewacin Kamaru sai ƙara tsawo suke yi, shi kuwa yana nan yadda yake.

Na kawo wannan ne saboda tun da na sabunta manhajar da nake montaj, wato tace bidiyo, da ita, kuma abokan sana'a daga Marwa da Kusiri suka bi sahu, kuka ɗaya nake ji: bikin da a da yake shiga faifai ɗaya lafiya lau, yanzu manhaja ta ce ba wuri. Tawa ma haka ta yi mini. Na zuba mata aikin awa biyu da minti arba'in, sa lalle da kamu da ɗaurin aure da kai amarya, sai ga sandar da ke nuna cikar faifai ta yi ja, ta kai kusan ninki biyu da rabi na abin da faifan zai iya ɗauka. Tsohuwar manhajar tana matse aiki da kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Sabuwar an gina ta ne don masu saka bidiyo a YouTube da Facebook, DVD kuwa an bar masa ɗan lungu, da saiti ɗaya da aka ɗaure a kan mafi kyawun hoto.

Wani zai ce wa ke kallon DVD a yau. Ka zo shagona a Yelwa ka gani. Amarya da ƙawayenta filas suke so, ko a tura musu a waya. Amma kuɗin aikin ba su ke biya ba. Uwar amarya ce, kuma ita abin da za ta riƙe a hannu take so, da hoton 'yarta a bango, ta aika ɗaya wa yayarta a Ngawundare, ɗaya wa dangin miji a Injamena, ɗaya ta sa a adaka. Na'urar da za a kunna shi da ita a can wataƙila ta girmi amaryar kanta da wayonta.

To ga lissafin, kuma ba ya buƙatar ka yi jami'a. Giga 4.7 daidai yake da megabit 37,600. Cire kaɗan don menu da tarkacen da tsarin faifan ke ci, ka riƙe 36,000. In ka raba da daƙiƙa sittin, 600 ya rage. Wannan 600 ɗin na rubuta da alli a jikin bango bayan kwamfuta, yaron shagona ma ya haddace. Ka raba 600 da yawan mintocin aikinka, abin da ya fito shi ne megabit nawa hoto da sauti za su ci a kowace daƙiƙa. Awa biyu, 5. Awa biyu da rabi, 4. Awa uku, 3.3. Saitin da na tarar a sabuwar manhaja yana bai wa hoto 8, sauti 1.5, jimla 9.5. Raba 600 da 9.5 ka gani: minti sittin da uku. Shi ke nan, awa ɗaya da 'yan kai faifai ya cika.

Inda aka fi yin asara, kuma ba a lura, sauti ne. Wancan 1.5 ɗin sauti ne ɗanye, wanda ake kira PCM, kilobit 1,536 a daƙiƙa. A awa ɗaya yana lashe kusan mega 690. A bikin awa uku ya haura giga biyu, wato kusan rabin faifai ya tafi a kan muryar maroƙi da kukan janareta. In ka mayar da shi AC-3, wato matsattsen sauti, a kilobit 192, awa ɗaya mega 86 ce kacal, kuma na rantse ba wanda zai ji bambanci a lasifikar talabijin. Algaita tana nan da kaifinta, kalangu yana nan. In manhajarka ba ta fitar da AC-3, akwai MP2, shi ma matsattsen sauti ne, wanda tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi ya yarda da shi. Ni dai AC-3 na fi natsuwa da shi, don ban taɓa haɗuwa da na'urar da ta ƙi shi ba.

Sai hoto. DVD irin namu da tsarin matse hoto na MPEG-2 muke yin sa, iyakarsa faɗi 720 tsawo 576, hoto 25 a daƙiƙa. Duk kyan kyamararka, ko 4K ce, nan za ta sauko. Abin da ke hannunka shi ne yadda za a raba abincin. Akwai saitin da ke ba kowace daƙiƙa kaso ɗaya, CBR, akwai wanda ke duba aikin sau biyu ya ba kowane wuri gwargwadon buƙatarsa, VBR mai zagaye biyu. Ga bikin Hausa na biyun ne kawai. Dubi ɗaurin aure: maza zaune a kan tabarma, fararen riguna, liman yana magana, ba mai motsi sai mai raba goro. Wannan ko megabit 2 ya ishe shi. Sannan dubi daren kamu. Leshi mai duwatsu yana walƙiya a ƙarƙashin fitila, mata talatin suna juyi lokaci ɗaya, ana liƙi, takardun sefa suna zuba a goshin amarya, bayan fage kuma duhu ne mai tsakuwa-tsakuwa. A nan ne MPEG-2 ke jin jiki. In ka ƙuntata masa, fuskar amarya sai ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai, zanen lallen hannunta ya narke ya zama tabo. Haka ma hawan dawaki in ƙura ta tashi. Don haka a aikin awa biyu da rabi nakan sa matsakaici 3.8, mafi ƙaranci 2, mafi yawa 7.5. Ƙa'ida ta yarda hoto ya kai 9.8, amma tsofaffin na'urori kan yi tuntuɓe a kan faifan da aka ƙona a gida in ya yi sama sosai. Zagaye biyu yana cin lokaci ninki biyu, kuma a watan Afrilu, da zafin Garwa ya haura digiri 40, fankar kwamfuta har kuka take. Nakan bar shi ya kwana yana yi, ina addu'a kar a ɗauke wuta.

Ƙasa da 3.5 ba na sauka da cikakken faɗi. In dole ce, akwai rabin faɗi, 352 da 576, wanda shi ma yana cikin ƙa'idar DVD. Hoton zai yi laushi, amma ba zai farfashe ba, kuma a tsohuwar talabijin mai ƙeya da wuya a gane. A babban allo na zamani kuwa za a gane sarai.

Faifai mai hawa biyu, na giga 8.5, kamar shi ne mafita, kuma lissafinsa kusan 1,080 ne a maimakon 600. Ni ba na son sa. Ya fi tsada, ba kullum ake samun mai kyau a kasuwa ba, kuma wurin da na'ura ke tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu nan wasu ke tsayawa cik. Faifan da ya tsaya a Injamena ba ni da hanyar gyara shi daga Garwa, sai dai a kira ni a ce aikina bai yi ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne in raba aikin gida biyu. Manhaja ta yi tacewa, in fitar da hoto daban sauti daban da lambobin da na lissafa, sannan in haɗa faifan a DVDStyler, wadda kyauta ce, in tabbatar ba ta sake matse hoton ba. Ƙonawa kuma a gudun 4x, ko da faifan ya ce zai iya 16x. Kafin in miƙa, sai na gwada a wata tsohuwar na'ura da na ajiye don wannan kawai. In ta karɓa, kowace za ta karɓa.

Duk abin da ya wuce awa biyu da rabi kuwa, magana ce tsakanina da mai biki, ba da kwamfuta ba. Wata Hajiya ta zauna a bencin shagona muna duba kai amarya, na ce, "Hajiya, wannan jerin motocin minti goma sha biyu ne, a rage shi zuwa biyu." Ta ce, "A'a ɗana, motar ƙanen mijina ce ta bakwai, in bai ga kansa ba ina zan sa kaina?" Na nuna mata gaisuwar baƙi, nan ma kowace fuska da tarihinta. Ƙarshe faifai biyu muka yi, na farko al'amuran mata, na biyu ɗaurin aure da kai amarya da walima, kowanne da hoto a kan megabit 6. Ta ƙara kuɗin faifai da na kwali, ta kuma ce a yi mata kwafi tara.