Darasin ambaliya da nake farawa daga bakin kwata

Duk shekara idan muka dawo hutu a watan Satumba, sai in tarar da littattafan wasu ɗalibaina sun kumbura, tawada ta jagwalgwale. Ba sai na tambaya ba. Na san yaran da ke zaune kusa da kogin Kaduna ne, wajejen Kigo Road, Bashama Road da gangaren Unguwar Rimi. Shi ya sa na daina koyar da ambaliya yadda na fara a da, in cika allo da dalilai biyar da illoli biyar su kwafa saboda jarrabawar WAEC. Yaron da ya kwana tsaye da ƙaninsa a kafaɗa, me zan karanta masa daga littafi?

Yanzu da faranti biyu da buta nake shiga aji. Ɗaya in yanko ƙasa da ciyawarta daga bayan aji in ɗora, ɗaya in sa guntun daɓen siminti. Mu ɗan karkata su, mu zuba ruwa daidai wa daida. Mai ciyawar sai ya shanye, can ya fara tsiyaya a hankali. Na simintin kuwa nan take ruwan ya kwaranyo kan takalman na gaba. Sai in ce su ƙirga gidajen layinsu da aka shafe tsakar gida da siminti ko intalok, kuma su gaya mini ina ruwan yake zuwa. Daga nan mu fita bakin kwatar da ke ƙofar makaranta, su ga ledar fiya wata da robobin lemo da yashi sun toshe kwalbati.

Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne taswira. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa garinmu, ya wuce madatsar Shiroro, sannan ya faɗa kogin Neja. Idan aka yi marka a can sama cikin Agusta, kogi zai iya cika ya shigo gida ranar da ko ɗigo bai sauka a Kaduna ba. Fadamar da aka yanka filaye aka gine kuma, asali can ne yake bajewa idan ya cika.

Ina faɗa musu ambaliyar 2012 da ta kashe mutum 363 a Najeriya, da ta 2022 da ta ci sama da 600, da ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a 2024. Amma illar da suka fi sani su suke gaya mini: masai ya haɗu da rijiya, amai da gudawa ya biyo baya, katangar laka ta jiƙa ta faɗo bayan kwana biyu.

Bara ina bayanin hasashen da hukumar hasashen yanayi (NiMet) da hukumar sa ido kan ruwan koguna (NIHSA) suke fitarwa kafin damina, da gargaɗin da ake yi wa na bakin kogi su tashi, wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, Babanmu ya ji a rediyo. Ya ce mu tashi mu koma ina? Nan ne haya take da sauƙi."

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Tun ranar na cire kalmar "taurin kai" daga bayanina, na sa talauci da tsadar fili da sakacin masu ba da izinin gini cikin dalilan ambaliya.

Aikin gidan da na ba su bana shi ne kowa ya zana layinsu, ya nuna inda ruwa ke taruwa da tudun da za a gudu idan ya zo da dare, kuma ya tambayi wani dattijo iya inda ruwan ambaliyar da aka yi a Kaduna a 2003 ya kai. Wani yaro ya dawo mini da igiya mai ƙulli, ya ce kakansa ne ya auna masa a jikin bangon zaure. Da muka miƙe ta a aji, ƙullin ya kai ƙirjina.