Albasa da kurkum a gaban ƙwayar enterobairus

Ciwon idon nan na apolo da ke zagaya unguwannin Damagaram, da shan inna, da ciwon da ke fesa wa yara ƙuraje a baki da tafin hannu da na ƙafa, duk dangin ƙwayoyin cuta ɗaya ne ke kawo su: enterobairus. Apolo ya fara ɓulla a Gana a 1969. Har yau babu maganin da aka amince yana kashe waɗannan ƙwayoyi a jikin mutum, shi ya sa masu bincike suka waiwayi tsirrai.

Sinadarin kwasetin, wanda ke cikin albasa, musamman ɓawon ja irin ta Galmi, da ganyen zogale, an ga yana toshe almakashin da ƙwayar EV-A71, wata enterobairus mai kawo ƙurajen baki da hannu da ƙafa, ke yanka furotin ɗinta da shi, sai ta kasa hayayyafa. Sinadarin kurkumin na cikin kurkum shi ma ya rage yaɗuwarta. To amma a ina? A cikin kwanon gwaji. Ana shuka ƙwayoyin halitta, a zuba musu cutar, a ɗiga tataccen sinadari, sannan a auna adadin da ke rage yawan ƙwayar cutar da rabi da adadin da ke fara kashe ƙwayoyin halittar kansu. In tazarar da ke tsakanin adadin biyu ba ta da faɗi, an yar da sinadarin.

Matsalar tana cikin hanji. Kurkumin bai fi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na garin kurkum ba, ba ya narkewa a ruwa, ɗan abin da ya shiga jini kuma hanta ta sauya shi nan take. Jiƙon da aka dafa a tukunya ba ya kai ko kusa da ƙarfin da aka yi gwaji da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ido. Kada a matsa ruwan albasa ko wani jiƙo a idon mai apolo. Yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma ƙunar da aka yi wa ƙwayar ido tana iya zama hakiya.

Ƙwayar enterobairus ba ta da ɓawon kitse, don haka man goge hannu mai alkol ba ya cin ta sosai. Sabulu da ruwa bayan bayan gida, da ruwan jabel a kan fo da tabarmar roba, su ne ke aiki. Yaron da ƙurajen baki suka hana shi sha, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, ban da asfirin, da ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabi na gishiri. In ƙafa ko hannun yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya saki farat ɗaya, a kai shi gidan likita a ranar, domin ana ɗaukar bayan gidansa sau biyu don gwajin shan inna, tsakaninsu awa 24, cikin kwana 14 na farko.