Abin da aikin gonar zomaye ya koya min kan faɗansu

Tunda na fara aiki a wata 'yar gonar zomaye can wajen Mando, ƙorafin da kwastomomi suka fi kawowa shi ne faɗa, ya ma fi na cuta yawa. Mutum zai sayo ma yaransa ƙananan zomaye guda biyu, suna kwana a jikin juna gwanin sha'awa, to da sun kai wata 3 zuwa 4 balaga ta zo sai waya ta shigo, wai malam zomayen nan naku sun haukace. In ka duba sai ka tarar duk biyun maza ne. Maza biyu da ba a fiɗiye ba da wuya su zauna lafiya, kuma in suka kaure marainan juna suke nema da kunne, na ga wanda aka kawo mana kunnensa a tsage jini duk ya bushe a gashin wuyansa, wallahi ranar abin ya tsaya min a rai.

Ni dai abin da na fahimta zomo a kan wuri yake faɗa. Ka lura yadda yake goga haɓarsa a kwanon abinci da bakin keji, ƙanshinsa yake sawa, ma'ana nan nawa ne. Zomanya ma ta fi namiji kishin ɗakinta, shi yasa ko barbara za a yi ita ake ɗauka a kai wajen namijin, in ka kai mata shi har gida sai ta far masa.

To in mutum na son su zauna tare, a fara kai su likitan dabbobi a fiɗiye, sannan a jira sati 4 zuwa 6 don zafin jinin baya sauka nan take, namijin ma zai iya ba da ciki a 'yan makonnin nan. A ajiye kejinsu kusa da juna amma da ɗan tazara yadda baki ba zai kai ba, ana musanya musu keji su saba da warin juna. Ranar haɗuwa kuma sai a wurin da babu wanda ya taɓa zama a cikinsu, mu wani ɗan lungu muke wankewa da binega, a zuba harawa tsibi biyu, minti 10 ya isa a farko kuma kana tsaye a kansu.

Hawan juna da 'yar tsere da ɗan fizgar gashi duk ba komai, neman babba suke. Amma in ka ga wutsiya a ɗage kunnuwa sun kwanta baya suna gurnani suna zagaye juna da sauri, raba su nan take, da faifai ko guntun katako, kar ka kuskura ka sa hannu haƙorin zomo ba wasa ba. Kuma a zafin Maris da Afrilu kar a yi da rana tsaka, dama a wahale suke, da sassafe ya fi.

Wasu kwana kaɗan sun shirya, wasu sai an yi watanni. Ranar da ɗaya ya sunkuyar da kai ɗayan ya hau lasar masa goshi to an kusa. Wasu kuwa ko me ka yi jininsu ba zai haɗu ba, su kam nakan ce ma mai su ya haƙura ya sa kafinta ya buga keji na biyu, kar yara su matsa masa wai sai sun kwana tare.