Majina da Ƙurar Hunturu

A makon jiya na dawo Pantami daga babbar kasuwar Gombe a bayan ɗan acaɓa, hazo ya rufe gari. Da na zo alwalar la'asar na shaƙa ruwa na fyace, sai ga majina mai launin ƙasa a tafin hannuna. Wannan ƙura, wadda iska ke kwaso da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da tuni ta isa huhuna in ba don abin nan da muke ƙyama ba.

Kusan kashi 95 cikin 100 na majina ruwa ne. Abin da ke ba ta yauƙi shi ne wani sinadari da masana ke kira miyusin, wato furotin mai ɗauke da sukari. Siffarsa tana tuna mini da zangarniyar gero: doguwar sandar furotin a tsakiya, gajerun sarƙoƙin sukari sun kewaye ta ta ko'ina, har nauyinsu ya haura rabin nauyin sinadarin. Sukarin ne ke riƙe ruwa, su kuma dogayen zaren suna ƙulluwa da juna su zama raga, wadda ƙura da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a cikinta. Yauƙin kuɓewa da na karkashi kama ce kawai, domin nasu galibi sukarin tsiro ne.

A hanyoyin iska, nau'in miyusin biyu ne suka fi yawa, MUC5AC da MUC5B, kuma a ƙarƙashinsu akwai ƙananan gasusuwa da ke ta kaɗawa dare da rana suna tura ragar zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba tare da mun sani ba.

Aikin miyusin a ciki, inda abinci ke narkewa, ya fi ba ni mamaki. Ruwan asid ɗin da ke narkar da tsiren da muka ci zai iya cin bangon cikin kansa, amma shimfiɗar miyusin tana riƙe da sinadarin bakabonet, dangin kanwa, wanda ke kashe kaifin asid ɗin kafin ya taɓa nama. Wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ta san kan wannan katanga: tana samar da sinadarin amoniya, yauƙin da ke kewaye da ita ya tsinke, ta kutsa ta zauna. Gano alaƙarta da gyambon ciki ne ya sa likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka sami kyautar Nobel a 2005.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke garzayawa kemis neman maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibiyotik, da zarar majinar yaro ta koma koriya. Launin yana fitowa ne daga wani sinadari na fararen ƙwayoyin jini, kuma ana ganinsa ko a murar da bairos ya kawo, wadda irin wannan magani ba ya yi mata komai.