Wanda Kansa Ya Bugu Ba Shi Ake Tambaya Ba

Ƙannena masu fita atisaye da sassafe a filayen Tudun Wada, Rigasa da Kawo, akwai maganar da na daɗe ina jin nauyin faɗa muku, don ni ne mai laifi a cikinta.

Ina da shekara 19 abin ya same ni. Lamba biyar nake buga wa kulob ɗin unguwarmu, ranar kuma aka ce wani mutum ya zo duba yara, wai yana da hanyar kai mutum gwaji. Bayan an dawo hutun rabin lokaci aka bugo kwana, na tashi sama, ɗan gabansu ma ya tashi, ƙeyarsa ta haɗu da gefen kaina. Ban suma ba. Abin da na iya tunawa shi ne wani farin haske, sai ƙara a kunne kamar injin markaɗe, sai ɗanɗanon jar ƙasa a bakina. Lokacin hunturu ne, fili ya bushe kamar daɓen siminti.

Aka fasa mini ruwan leda biyu a ka. Koci ya durƙusa ya ce, "Yaya dai, za ka iya?" Na ce zan iya. To me zan ce, ga mutumin can tsaye ya zuba mini ido? Na ƙarasa wasan, amma har yau ban san yadda aka tashi ba sai abin da aka ba ni labari. An ce sau uku ina tambayar golanmu ci nawa ne. Suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a ƙoƙon kai, kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. In kai ya bugu ya tsaya farat ɗaya, ita sai ta jijjiga ta daki ƙashi. Wannan ita ce girgizar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan waɗanda ta sama ba sa suma, ba a ganin jini, ba lallai a ga ko ƙulu ba. Ga inda gizo ke saƙar: abin da za ka auna lafiyarka da shi, shi ne ya ji ciwon. Don haka "zan iya" ɗin wanda kansa ya bugu ba shaida ba ce.

Manya ma haka suke yi. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, kafaɗar Ezequiel Garay na Ajantina ta daki Christoph Kramer na Jamus a ka. Ya ci gaba da wasa kusan kwata guda, har ya je yana tambayar alƙalin wasa Nicola Rizzoli ko wannan ne wasan ƙarshen. Ku tuna kuma irin ba'ar da muka yi wa golan Liverpool Loris Karius a gidajen kallo a 2018, ranar da Real Madrid ta ci Liverpool 3-1. Bayan 'yan kwanaki likitoci a Amurka suka ce ya samu girgizar ƙwaƙwalwa, kuma gwiwar hannun Sergio Ramos ta same shi a ka jim kaɗan kafin kuskurensa na farko. Waɗannan suna da likitoci a benci. Mu ruwan leda gare mu.

Kuskurena na biyu ya fi na farko wauta: na ɓoye. Da dare na yi amai, Umma ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ban gyara mata ba don kada ta hana ni ƙwallo. Na je kemis na sayi maganin ciwon jiki na haɗiya. Kwana uku na koma atisaye, ƙwallon farko da na sa wa kai na ji kamar an kafa mini ƙusa. Na yi kusan wata biyu ba na son haske, hon ɗin Keke Napep ma sai ya hau mini kai, ga saurin fushi ba dalili. Da na je asibiti likita bai ɓoye mini ba: bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa, ba ya yawan faruwa amma yana kisa, kuma yara da matasa ya fi kamawa. Ya ce irin su asfirin suna iya ƙara zubar jini a cikin kai, farasitamol ya fi dacewa. Mutumin gwajin kuwa, ko ƙurarsa ba mu sake gani ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Shekaru bayan haka ina horar da yara, gwiwar wani ta daki golana ɗan shekara 14 a goshi. Na ruga, na durƙusa, sai na ji bakina yana cewa, "Za ka iya?" Ya ce, "Zan iya, Koci." Ba ni da wani golan, sai na bar shi. Ba a yi minti goma ba ya zauna a bakin raga yana amai. A asibiti mahaifinsa bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, amana fa na ba ka." Allah ya rufa asiri yaron ya warke, amma maganar tana nan a wuyana.

Shi ya sa nake roƙonku, ku zama idon juna. Wanda ya bugu ya tashi yana tangaɗi, ko yana kallon wuri ɗaya, ko yana maimaita tambaya, a fitar da shi, ranar ya gama wasa. In yana kwance yana kukan wuya, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa yadda muka saba. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tayar da shi, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, duk waɗannan na asibiti ne nan take. Sauran kuma hutun kwana ɗaya ko biyu, sannan a dawo sannu a hankali, sassarfa tukuna, sa kai a ƙarshe.

Turawa ma sai da suka yi asara suka farga. Jeff Astle, ɗan gaban West Brom, ya mutu a 2002 yana da shekara 59, bincike ya ɗora ciwon ƙwaƙwalwarsa a kan yawan sa wa ƙwallo kai. A 2019 Jami'ar Glasgow ta bi tarihin tsofaffin 'yan wasan Sukotlan fiye da 7,000, ta gano haɗarin mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran mutane kusan sau uku da rabi. A 2024 aka shigar da ƙarin canji saboda buguwar kai cikin dokokin wasa. Yaranmu suna sha'awar takunkumin Victor Osimhen, wanda ya samo tun karayar ƙashin fuska a wasan Napoli da Inter a 2021. Karayar da ido ya gani ta sa an ba shi hutu. Wadda ke can ciki ce ake zuba wa ruwa a ce tashi.

Yanzu in yaro ya bugu a ka, ba na tambayarsa komai game da ci gaba da wasa. Takalminsa na dama nake cirewa in jefa a jakata. Akwai wanda na yi wa haka kwanan nan, ya yi kwana biyu bai gaishe ni ba, ya turo yayansa biko. Na ce ya kawo takardar likita. Takalmin yana nan ƙarƙashin gadona.