Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Azumin da Kekena Ya Tsaya

A makon jiya na tsaya a inda na karɓi ɗinkin Sallah na mutum 23 a cikin azumin shekarar 2016, alhali ni kaɗai ce a kan keke, kuma ba ni da yarinyar da ke taya ni ko da guga. Duk wanda ya san harkar teloli a Kano ya san cewa goman ƙarshe na Ramadan ba lokacin barci ba ne, domin daga an sha ruwa ake hawa keke, ba a sauka sai an kira assalatu.

A daren 20 ga wata, ina tsakiyar haɗa hannun wata rigar atamfa, na ji wata ƙara daga ƙarƙashin keken, allura ta karye. Na sa sabuwa ta karye, na sa ta uku ita ma ta bi 'yan'uwanta. Baƙin keken ƙafa ne ƙirar China, wanda mahaifina ya saya mini cikin kayan ɗaki, kuma shekara 11 ina taka shi bai taɓa neman abin da ya wuce mai da canjin igiya ba. Da gari ya waye maigidana ya kira mai gyara, ya kwance ƙasan, ya nuna mana cewa ƙarfen da ke juya mazaunin ƙoshiya ya tsage, shi ya sa allura take sauka a kan ƙarfe maimakon ta ɗauko zaren ƙasa. Ya ce sai an aiko da irinsa daga Legas, kuma kuɗin da ya ambata ya ninka abin da muka zata. Ban zarge shi ba, domin a watan Yunin nan ne Babban Banki ya saki Naira ta faɗi daga wajen 197 a kan dala zuwa sama da 280, kuma gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a watan Maris ta riga ta sa irin waɗannan kayayyaki wuyar samu.

Ba zan daɗe a kan kunyar da na sha ba. Na kai wa wata maƙwabciya ɗinki 15 muka raba kuɗin, sauran na mayar wa masu su da haƙuri, kuma akwai wadda har yau ba ta ƙara kawo mini ko facin zane ba.

Gwaggona, yayar mahaifina, tana zaune a gidanmu a wannan azumin. Ta yi shekaru tana ɗinkin hula kafin idonta ya yi rauni. Da ta ga na kwana biyu ina zaune ina kallon keke kamar mai zaman makoki, sai ta ce, "Ke 'yar nan, keken ne ya karye ko hannunki? Da zaman banza ai gara aikin kishiya." Na ce, "Gwaggo, wa zai sa rigar Sallah ta ɗinkin hannu a wannan zamani?" Ta ce ita ba ta ambaci riga ba, ta sa na ɗauko mata wata tsohuwar jar dara ta marigayi kakanmu wadda asu ya huda ta gefe ɗaya.

A nan na fara sanin wannan ƙyalle da kyau. Dara, wadda fatake suka daɗe suna kawo wa ƙasar Hausa daga Tunis ta hanyar Sahara, ulu ne da aka jiƙa da ruwan zafi da sabulu aka yi ta dakansa har gashin ya sarƙe da juna ya zama tauri. Saboda haka da Gwaggo ta sa almakashi ta yanko da'ira biyu, bakin bai zare ba ko kaɗan, ba kamar atamfa ko shadda ba, waɗanda dole a kalmashe bakinsu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙyallen ya dace da wadda ba ta da keke: babu kalmasa, babu ɗinki ta ciki a juyo waje, ɗinkin da ka yi a baki shi ne adon. Muka haɗa da'irorin, muka cusa audugar rimi daga wani tsohon matashi, ya zama ɗan matashin soke allura.

Abin da ya ba ni haushi, kuma ya ba Gwaggo dariya, shi ne ni da nake kiran kaina tela ban iya jera ɗinki goma masu tazara ɗaya da hannu ba. Keke ne yake auna mini tazara duk waɗannan shekaru, ni kuwa ina tsammanin gwanintata ce. Ta koya mini in yanke zare kamu ɗaya kawai, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, don idan ya fi haka zai yi ta ƙullewa. Ta koya mini in raba zaren surfani mai sili 6 in ɗauki 2, sannan ta nuna mini ɗinkin da ake yi wa bakin bargo, inda ake soka allura a ratsa ta cikin madaukin zare kafin a ja, yadda zaren zai kwanta a kan bakin ƙyallen kamar layi. Idan na ja da ƙarfi ƙyallen ya tattare, idan na soka kusa da baki ya yage, kuma idan na warware, hudar allurar takan zauna a wurin tana tona mini asiri. Da yatsana ya fara jini ta ɗaura mini guntun fata, irin yadda take yi a zamanin hula.

Dara ɗaya ba ta da yawa. Bayan kwana biyu na je wajen masu sayar da maɓalli da zip da leshi, na tarar suna da irin ƙyallen a falle-falle kamar takarda, launi iri-iri, suna kiransa fel. Wannan na roba ne, ya fi dara sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma ya fi ta saurin yin gashi-gashi, kuma ba ya son dutsen guga mai zafi, domin na narkar da falle guda kafin in gane haka.

Da shi na yi 'yan kifaye da tsuntsaye na rataya makulli, da 'yan jakunkunan carbi, da furannin da ake maƙala wa yara mata a kitso. Furannin su ne suka karɓu. 'Yata ta fari ta sa guda biyu ta tafi tafsiri, ta dawo da saƙon mata huɗu, kuma kafin ranar Sallah, wadda ta kama 6 ga Yuli, na sayar da fure sama da 60 a kan Naira 50 kowanne. Ba zan yaudari kowa ba, kuɗin bai kai rabin abin da na rasa na ɗinki ba, kuma furen da ke cin minti 40 ana sayar da shi Naira 50 ba sana'ar riƙe gida ba ce. Sai dai da shi na sayi kajin Sallah ba tare da na miƙa hannu ga kowa ba.

Ƙarfen ya iso mako uku bayan Sallah, keke ya tashi. Ranar da aka gyara shi ne malamar Islamiyyar yaranmu ta yi sallama, riƙe da ɗaya daga cikin kifayen nan, tana tambaya ko zan iya yanka mata haruffan Larabci 28 da irin wannan ƙyalle, manya-manya, don 'yan ajin farko su riƙa taɓawa da hannu. Yadda muka kwashe da ita, da yadda harafin ḍad ya kusa sa ni kuka, shi ne zan kawo a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.